Hargitsin Shago Ba Shaidar Gwaninta Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu aikin zane, daga cikin garin Gwarzo har Getso da Kutama, daga Kabo har Garo. Ka shiga shagon mai rubuta allon talla, ka tarar da gwangwanayen fenti a buɗe, burushi a ƙasa, takardun zane cushe a ƙarƙashin benci. Da ka yi masa zancen gyara, amsarsa ba ta wuce biyu. Ko ya ce wurin ne ya yi kaɗan, ina za a jera kayan; ko ya ce shagon da ka gani fes, to ba a kawo masa aiki ne. Wani ma ya ƙara da cewa jere na ɗakin amarya ne.

Masu faɗin haka ba ragwaye ba ne. Mutane ne da ke ci da guminsu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancensu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yawansu rumfa ɗaya suke rabawa da tela ko mai cajin waya. Kuma hannun gwani ya san inda ya ajiye abu. Idan baƙo ya zo ya share masa teburi ba da saninsa ba, ya ɓata masa aikin yini guda. Duk na yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne cewa ƙarancin wuri uzuri ne, kuma hargitsi shaidar gwaninta ce. A ganina ƙaramin wuri ne ya fi kowane buƙatar tsari, kuma ba sai mun je nesa neman hujja ba, tana nan a zauren alaramma.

Marubucin Alƙur'ani a ƙasar Hausa bai taɓa samun faffaɗan ɗakin aiki ba. Buzu ne a kusurwar zaure, kusa da ƙofa don ya sami haske. A wannan ɗan fili ake rubuta izu 60, surori 114, sau da yawa da ka, kuma aikin yakan ci watanni. Dubi abin da ke gabansa. Tawada iri biyu ce baƙa, kuma ba sa haɗa kurtu: ta zuge, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, ta allo ce domin tana wankuwa, yambari kuwa, wadda ake dafawa da bagaruwa, ita ce ta takarda domin tana kamawa. Ga ja ta wasula, ga ruwan ɗorawa ta ɗigon hamza, ga koriya ta alifin wasali. Kowace da mazubinta, kowace da alƙalaminta, domin da zarar alƙalamin baƙi ya faɗa cikin ja, jar ta tashi daga aiki. Yakan gama baƙin rubutu tukuna, ya bar shi ya bushe, sannan ya dawo da ja, sannan sauran launuka, sannan zayyanar sumuni da rubu'i da nusufi a gefe. Ba ya buɗe tawadar da lokacinta bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne takardun. Alƙur'anin hannu na ƙasarmu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne ɗai-ɗai. Iska ɗaya ta isa ta watsa aikin wata uku. Sai marubuta suka riƙe dabarar rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda aka gama, ta yadda ko sun tarwatse za a mai da kowace gurbinta. Idan an tashi, a haɗa su tsakanin bango biyu, a ɗaure, a sa a gafaka, a rataye a bango. Ladabin Littafin ne ya hana a bar shi a ƙasa, amma wannan ladabin shi ya tsare shi daga gara da laima. Da irin wannan horo aka sami marubuta kamar Sharu Bala Gabari na Kano, wanda aka buga rubutun hannunsa ya bazu a Afirka ta Yamma. Wa zai ce alaramma ba shi da aiki ne ya sa wurinsa yake a kimtse?

Matasanmu da suka karanta zane a Zariya ko a kwalejojin ilimi na Kano sukan kawo wata hujjar daban. Sun ga hotunan ɗakin Francis Bacon, mai zanen da ya rasu a 1992, wanda aka kwashe hargitsattsen ɗakinsa na Landan ɗungurungum a 1998 aka kai Dublin, mutane suna zuwa kallo. Gaskiya ne, an yi haka. Amma shi mutum ne da zanensa ɗaya ya fi ƙarfin kuɗin fentin shekaru. Idan burushi ya ƙandare sai ya sayi wani. Kuma a Landan babu ƙurar hunturu irin tamu, babu gara mai cin takarda cikin dare ɗaya.

Mu kuwa lissafinmu daban ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, fenti da burushi da takarda duk sun yi tashin gwauron zabo. Yawancin kayan nan daga birni ake sayo su, kuma daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, ta Kabo da Rimin Gado, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Na taɓa tsayawa a wani shago lokacin hunturu, maigidan ya ɗauko gwangwanin shuɗin fenti da aka bari ba murfi. Sama ya yi ɓawo, ya sa wuƙa ya yanke, ƙasan kuma ya cika da tsaki-tsaki da ƙura. Ya tace da tsumma, bai sami ko rabi ba. Mai aikin yana tsaye yana jiran allonsa. Maigidan ya juya ya ce wa yaron shago, "Kai, wa ya bar wannan a buɗe?" Yaron ya ce, "Maigida, ban ga murfin ba ne." Bai yi ƙarya ba. A shagon nan murfi ba shi da wurin zama, don haka ba wanda za a kama da laifi.

Nan ne maganar "hannuna ya san inda komai yake" take gazawa. Hannunka ya sani, na yaronka fa? Almajirin sana'a da ido yake koyo. Idan bai ga ana wanke burushin fentin mai da kananzir, na ruwa da ruwa, ana ajiye su baki sama ba, haka zai buɗe nasa shagon gobe, ya riƙa asara bai san daga ina take zuwa ba.

Gyaran kuma ba ya cin kuɗi. Wanda ƙasa ta yi masa kaɗan yana da bango huɗu. Ƙusa da ɗan katako sun isa kanta. Gwangwanin madara da na tumatir, da ake zubarwa a bola, su ne mazubin burushi da fensir. A shafa ɗigon kowane launi a murfinsa don a gane shi ba sai an buɗe ba. Takardu da zanen hula su kwanta a shimfiɗe cikin akwati, a ɗora shi kan bulo, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango a damina. Abin da ake ɗauka kullum ya zauna inda hannu zai kai daga zaune, na sau ɗaya a wata ya hau sama. Lokacin aiki a baje kaya yadda ake so, ba wanda ya hana. Magana ita ce kafin a rufe shago kowane abu ya koma wurinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba. Kananzir da fetur da tsummokaran da suka sha fenti kada su kwana kusa da janareta ko wayar wuta, musamman a rumfar da ake cajin wayoyi. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san yadda wuta take gudu a jerin shaguna. A sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a kusurwar da ta fi nisa da wuta, kuma yaron shago ya san cewa wannan aikinsa ne kowace yamma.