Ƙuri'ar Kirikasamma da Rabon Kujerun Majalisa

Kirikasamma da Guri da Birniwa kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai da ke Abuja, ɗaya daga cikin 11 na Jigawa, cikin 360 na ƙasa baki ɗaya. A Majalisar Dattawa kuwa, mai kujeru 109, ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja ke tura sanata guda.

Yadda ake cin kujerar ba wuya: wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauke, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. A ce mutum uku sun tsaya, wannan ya sami kashi 40, wancan 35, na ukun 25. Mai 40 zai tafi Abuja, alhali mutum 60 cikin ɗari ba shi suka dangwala wa ba. Babu wani rabo da ake yi wa jam'iyyu daga sama. Kowace tana tattara abin da 'yan takararta suka ciwo mazaɓa-mazaɓa. Shi ya sa a 2019 APC ta kwashe sanatocin Jigawa uku duka, ko da yake a zaɓen shugaban ƙasa na wannan rana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓen jihar jam'iyya mai alamar lema suka zaɓa. Wannan ya dame ni. Masuncin da ya bar komarsa, matar da ta wuni kan layi da goyo, da tawada a babban yatsa, an ƙirga ƙuri'unsu amma ba su haifar da wakili ba.

Maƙwabciyarmu Nijar daban take yi a da. Kafin juyin mulkin Yulin 2023, majalisarta na da kujeru 171, kuma 158 daga ciki ana raba su ne jiha-jiha, irin su Maraɗi da Damagaram, gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. An kuma ware takwas domin ƙananan ƙabilu. A Afirka ta Kudu ma, ANC ta sami kashi 40 a 2024, aka ba ta kujeru 159 cikin 400.

Sai dai tsarin namu yana da abin da ba zan so a rasa ba. Idan ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, kogin Haɗeja ya malale gonakin shinkafa, manomi ya san sunan ɗan majalisarsa, ya san ƙofar gidansa. A tsarin rabon kujeru kuwa, wanda jam'iyya ta jera cikin dogon jerin sunaye, uwar jam'iyya yake tsoro fiye da talaka.

Ana iya haɗa biyun. Kwamitin gyaran zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara a 2008 cewa a bar mazaɓu yadda suke, a ƙara wasu kujeru da za a raba bisa yawan ƙuri'un jam'iyyu. Sai an gyara Kundin Tsarin Mulkin 1999 hakan zai yiwu, kuma masu gyaran su ne 'yan majalisar da tsarin yanzu ya kai kan kujera. Har yau ba su yi ba.