Hoto Ya Ɗauke? Kafin Ka Sayi Sabuwar Busta, Bi Sawun Wutarta

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Damagaram, masu gyaran talabijin sun san ƙorafin da za a kawo musu. An yi ruwa da tsawa cikin dare, da safe aka nemi tashar Télé Sahel, babu hoto babu murya. Mai gida ya murɗa sandar eriya gabas, ya murɗa yamma, shiru. Sai a yanke hukunci cewa busta ta ƙone, a nufi Kasuwar Dole a sayo wata. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce kawai ba ta kai mata.

Siginar talabijin a miƙe take tafiya. Nisa na rage mata ƙarfi, tudu da duwatsu da dogayen gine-gine na tare ta. Wanda ke zaune a Birni ko Zango, cikin Zinder, ƙaramar eriya na iya isarsa. Amma mutumin ƙauyukan Damagaram Takaya, da duk wanda ya yi nisa da tashar da ke watso shirye-shirye, sai ya kafa doguwar sanda ya ja doguwar waya, kuma kowane taku na wayar nan yana cin wani abu daga ɗan abin da eriya ta kamo. Shi ya sa ake ɗaure busta, wadda wasu ke ce wa ampili, can sama gindin eriya, don ta ƙarfafa siginar kafin waya ta cinye ta. Sai dai ba ta ƙirƙiro abin da babu. Idan eriya ba ta kamo komai ba, hayaniya kawai za ta ƙara.

Sauyin zamani ya ƙara rikita lamarin. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba a 2006 ta tsayar da watan Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawa tsarin dijital, wanda a Nijar aka fi sani da TNT. A tsohon tsari, raunin sigina kan fito ƙuru-ƙuru: hoto ya yi yashi-yashi, amma ana gani. A sabon tsari kuwa, ko hoto tangaram, ko ya kakkarye ya sandare, ko ya ɗauke ɗungurungum. Ido kaɗai ba ya gane inda cutar take, sai an bi ta daki-daki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne busta gida biyu ce. Akwai ta sama, akwai kuma ƙaramar adafta a ɗaki da ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt 220 ta mayar da ita ƴar kaɗan, galibi bolt 12, ko da yake akwai masu cin 5 ko 24. Wayar da ke sauko da sigina ita ce dai ke hawa da wannan wuta. Idan wutar ta yanke a hanya, busta ta zama ƙofa a kulle: maimakon ta taimaka, sai ta hana siginar wucewa.

Don haka daga ƙasa ake farawa, ba daga rufin ɗaki ba. Adafta ce ta fi shan wahala. Wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa a Maraɗi da Zinder, kaso mai yawa daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma kowa na tune da watan Agustan 2023 da Nijeriya ta katse ta, aka koma ga janareta da wuta ta ɗauke-kawo. Irin wannan hawa da sauka, haɗe da zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, su ke kashe ƙananan kayan cikin adafta. Ƴar fitilar da ke jikinta ba shaida ba ce, tana iya ci alhali ƙarfin ya ragu. Mitar auna wuta ce mai faɗin gaskiya. A cire wayar eriya, a ɗora tsinken mita ɗaya a tsakiyar bakin adafta, ɗayan a ƙarfen gefe, a karanta.

Idan mita ta nuna 12, amma da an maƙala waya sai ta faɗo kusan sifiri, to wuta ta haɗe a wani wuri. Nan ne za a kwance kan wayar a duba da kyau. Tana da tagulla guda a tsakiya, da farin roba, sannan saƙar siraran wayoyi ta kewaye su. Sili ɗaya daga saƙar nan, wanda bai fi gashi kauri ba, in ya lanƙwasa ya taɓa tagullar tsakiya, ya gama da komai. A yanke kan, a fere shi da kyau, a sake ɗaurawa.

Sai kurakuran hannu. Adafta na da baki biyu, na eriya da na talabijin, kuma ana yawan musanya su bayan shara ko ƙaura. Wani kuma zai sa abin raba waya tsakanin adafta da busta don ya kai hoto ɗakin uwargida, bai san yawancin irinsu ba sa barin wuta ta wuce ba. Wurinsa na bayan adafta ne, ɓangaren talabijin. Masu aiki da sola su ma su kula, domin batir mai bolt 12 kan haura 14 lokacin da yake caji, fiye da abin da busta mai bolt 12 ke ci.

In ƙasa ta fita zargi, sannan a sauko da sanda. A auna wuta a ƙarshen waya. Akwai a ɗaki babu a sama? Waya ta tsinke, ko rana ta tsattsaga rigarta ruwa ya shiga. Tagulla ta yi tsanwa ko baƙi? Ƙurar hunturu da ruwan damina sun yi aikinsu. A sake wayar, a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga akwatin busta don ruwa ya ɗige, a naɗe mahaɗar da salatif. Gwaji na ƙarshe shi ne a cire busta baki ɗaya, a haɗa eriya kai tsaye. Idan hoto ya dawo ko ya fi kyau, ko dai ta mutu, ko kuma dama ba a buƙatarta, domin kusa da tasha ko dogon ƙarfen kamfanin salula sigina kan yi mata yawa har ta ruɗe.

Duk wannan bai kai ran mutum ba. Kada a taɓa sanda in hadari ya haɗo, kada a kafa ta inda za ta iya faɗawa kan wayar lantarki, kuma kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikin adafta. Tun kafin tsawa ta fara, a zare soket da wayar eriya tare. Wanda ba shi da mita ya ɗauki adaftar ya kai wa mai gyara ya auna masa, kafin ya fitar da kuɗin sabuwar busta.