Daga Jigo Zuwa Sola: Wutar Da Manomin Fadamar Rima Yake Bukata

Da ƙarfin damtse kakanninmu na Wurno da Rabah da Goronyo suka yi noman rani. Jigo ne injinsu: doguwar sanda bisa gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Mutum ya wuni yana ja yana juyewa, fangali bayan fangali, kafin albasa ta ƙoshi. Da dare kuma sai aci-bal-bal, daga baya fitilar ƙwai.

Lantarki ya daɗe a ƙasar nan kafin ya leƙo mu. Tun 1896 Legas ta ga ƙwan wuta. A 1968 madatsar Kainji ta fara aiki, a 1972 aka kafa hukumar lantarki ta NEPA. Daga Kainji wayar ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, sannan a miƙo mana. Tafiya ce mai nisa, ko turke ɗaya ya faɗi a hanya, sai garuruwa su kwana cikin duhu.

Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, domin noman rani da ruwan sha. Ruwa dai akwai, ɗaga shi zuwa gona ne aikin. Injin fetur ya hutar da mu daga jigo, amma da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ban-ruwa ya soma lashe ribar albasa da tafarnuwa da shinkafa.

To ga rana Allah Ya hore mana, ba a sayenta a lita. Farantin sola na zamani, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1954, yau yana tuƙa famfo kai tsaye, ko batir ba ya bukata muddin rana na sama. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da cibiyar binciken makamashi a nan Sakkwato.

Tsadar sola a ranar saye take. Don haka manoma su haɗa kai ƙungiya-ƙungiya su saya, su nemi ƙwararre ya auna zurfin rijiya kafin a zaɓi famfo. A guji kayan jabu komai arharsu. A fuskantar da farantin kudu, a riƙa goge ƙurar hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi.

Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo su taimaka da rance mai sauƙin biya, su kuma koya wa matasanmu haɗawa da gyara. Bai kamata manomi ya bar fadama saboda kuɗin fetur ba.