Injin Yankan Itace a Bayan Babur: Yadda Ake Shirya Kayan Aikin Yini Guda

Da damina iska kan kayar da darbejiya a Samaru, sai a kira mai injin yankan itace daga Sabon Gari. Tun daga yadda ya ɗaure kayansa a babur za ka gane ko gwani ne.

Injin a kashe, sarƙarsa cikin kube, bakinsa na kallon baya. Magagari, sufana, fulogi da sarƙar canji suna jaka guda, don in sarƙa ta dakushe da hantsi babu magagari, aikin ranar ya tsaya.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen mai. Injin ba ya shan fetur zalla. Kamfanin Stihl ya ce a haɗa 50 da 1, wato mililita 100 na man 2T a lita 5. Masu kintace da ido su ke ƙona fistin, alhali kalkuleta na cikin wayarsu. Man sarƙa kuma jarkarsa daban. Baƙin man da aka juye daga mota, ni ban yarda da shi ba.

Ita wayar, ƙulle ta a leda. Garin katako na toshe ramin caji.