Yinin Iyali a Fadamar Barnes

A kudu maso yammacin birnin Landan, a unguwar Barnes, inda kogin Thames ya yi wata babbar lanƙwasa, akwai fadama mai faɗin kimanin hekta 42, wadda duk wanda ya ga tafkunanta da tsibiranta da dogayen ciyayin da suka yi mata ƙawanya zai rantse haka take tun fil'azal, alhali kuwa hannun ɗan Adam ne ya shimfiɗa ta. Asalinta manyan matattaran ruwan sha ne guda huɗu na zamanin Sarauniya Biktoriya, waɗanda birnin ya daina bukata. Sai aka yi ittifaƙi a gina gidaje a wani sashe, da kuɗin da aka samu kuma aka farfasa kankaren sauran, aka mayar da wurin mazaunin tsuntsaye, aka buɗe shi ga jama'a a shekarar 2000.

Wanda ya yi wannan tunani, Sir Peter Scott, ya rasu a 1989 bai ga cikar burinsa ba. Mahaifinsa shi ne Kyaftin Scott da ya halaka cikin ƙanƙarar ƙarshen duniya ta kudu a 1912, wanda a wasiƙarsa ta bankwana ya yi wa matarsa wasiyya ta cusa wa yaron sha'awar halittu. Kuma lalle wasiyyar ta yi albarka, domin ƙungiyar da ɗan ya kafa a 1946 ita ke riƙe da fadamar har yau.

Idan magidanci ya kwaso iyalinsa ranar Asabar, ya biya kuɗin shiga, wanda a gaskiya ya yi wa talaka tsada, kuma wannan aibi ne da bai kamata a rufe ba, to da wuya yara su bar shi ya kalli ko agwagwa ɗaya kafin su ja shi zuwa filin wasa, inda ake hawa ana sauka, ana rarrafe cikin ramuka, ana ratayawa a igiya. Masu tsara wurin sun yi hikima a nan, domin sun san yaron da bai sauke ƙiriniyarsa ba ba zai zauna ya yi tafakkuri ba. Sai gumi ya karyo, an ci guzuri, sa'an nan a nufi bakin kududdufi, a ba kowane yaro 'yar koma da farin faranti mai ruwa. Ya zura komar a hankali, ya juye abin da ya kamo, ya sunkuya: ga ɗan kwaɗo mai wutsiya, ga dodon koɗi ƙanƙane, ga wani mummunan ƙwaro mai ƙafa shida yana tafiya a gindin farantin, wanda idan aka ce wa yaron shi ne zai zama mazarin nan mai fukafukai kamar gilashi, sai ya ɗago kai ya dubi uwarsa don ta gaskata masa. Bayan an gama kallo, a mayar da kowace halitta ruwanta da rai, kuma a ganina wannan ladabi ya fi sauran darussan yinin daraja.

Daga nan sai hasumiyar leƙen tsuntsaye mai hawa uku, inda ba a magana sai da raɗa, uba ya ɗaga ƙaramar 'yarsa zuwa siririyar taga, ta ga zalɓe tsaye a ruwa ya yi tsit yana dakon kifi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. An gina wani bango mai ramuka domin wata irin tsattsewa mai ruwan ƙasa, wadda ke zuwa wajen watan Maris ta yi ƙwai; da sanyi ya gabato sai ta ƙetare teku da Sahara ta sauka a yankinmu na Sahel, inda dausayi irin na Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi ke ciyar da baƙin tsuntsaye. Lokacin da fari ya auka wa Sahel a ƙarshen shekarun 1960, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga adadin waɗannan tsattsewa ya faɗi ƙasa warwas, haka kuma aka sake gani bayan farin 1983 da 1984.