Shirin Musamman: Gwajin Jini Kafin Aure da Abin da Sakamakonsa Ke Nufi

Cututtuka iri biyu ake nema a jikin masu shirin aure idan sun je ɗakin gwaje-gwaje. Akwai waɗanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, irin su ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, tunjere da ciwon sanyi. Akwai kuma waɗanda ake gada daga iyaye, kuma babbarsu a ƙasar Hausa ita ce amosanin jini, wato sikila. Abin da ya haɗa su shi ne ɓoyuwa. Mutum na iya ɗauke da ɗayansu shekara da shekaru, yana cin kasuwarsa, yana zuwa gonarsa, ba shi da labari. Wannan ne ya sa a shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da jinotaif kafin a ɗaura aure. Shirin na yau zai bi waɗannan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya: me ake nema, yaya ake nemansa, kuma ina iyakar abin da takardar sakamako ke iya faɗa.

Za a fara da na gado. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, shi ke ɗaukar iskar numfashi ya kai ta sassan jiki. Kowane mutum yana gadon umarnin ƙera wannan sinadari daga wuri biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai lafiya shi ake kira A, mai naƙasu kuma S, haɗin biyun da mutum ya gada kuwa shi ne jinotaif. Wanda ya gaji A daga ɓangarorin biyu shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, kuma yawanci lafiyarsa ƙalau, sai dai yana iya miƙa wa 'ya'yansa S ɗin. Wanda ya gaji S ta ko'ina shi ne SS, mai fama da cutar. Ƙwayoyin jininsa kan tanƙware kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su jawo ciwon ƙashi mai tsanani. Lafiyayyar ƙwayar jini kan yi kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa ke yawan ƙarewa. Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma idan ya haɗu da S yakan ba da SC, shi ma nau'in sikila ne.

Lissafin gadon a fili yake. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 a haifi AS, kashi 25 a haifi AA. Wannan lissafi sabo yake komawa a kowane ciki. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin uku na gaba za su tsira, kuma akan samu gidan da 'ya'ya biyu ko uku a jere suka zo da ita. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Wani likita a birnin Chicago na Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910. A 1949 kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin ɗin mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya idan aka saka masa wutar lantarki. A kan wannan bincike aka gina gwajin da yawancin asibitoci ke yi a yau. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi jini, ya fasa ƙwayoyinsa, ya ɗiga shi a kan wata 'yar takarda mai laima, ya kunna lantarki. Bayan ɗan lokaci kowane nau'i zai tsaya a inda nauyin cajinsa ya kai shi: A a gaba, S a tsakiya, C a baya. Layi ɗaya a gurbin A na nufin AA, layi biyu a gurbin A da S na nufin AS, layi ɗaya a gurbin S na nufin SS. Manyan asibitoci suna da na'urar HPLC, wadda ke auna har yawan kowane nau'i.

A nan akwai wurare uku da ake yawan tuntuɓe. Na farko, akwai gwaji mai araha da ke nuna ko akwai S a jini ko babu, amma ba ya bambanta AS da SS, don haka bai isa a yanke hukuncin aure da shi ba. Na biyu, wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani na gauraye da nasa, sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Na uku, jinotaif daban, rukunin jini daban. Wanda ya ce shi O ne bai faɗi komai ba game da sikila. Jinotaif ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa. Idan takardu biyu sun saɓa, ɗaya daga cikinsu kuskure ce, sai a maimaita a wurin da aka amince da shi.

Gwajin cututtukan saduwa kuwa ya sha bamban da wannan, domin yana ba da labarin halin da jiki ke ciki ne a wani lokaci kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu warkewa a kowace rana, kuma akasarinsu ba sa ganin wata alama.

Gwajin ƙanjamau da aka fi sani shi ne na gaggawa. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan tsinken gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya na nufin ba a ga komai ba, layi biyu na nufin sai an tabbatar da wani tsinken na daban, domin ba a sanar da mutum yana da cutar da gwaji ɗaya tal. Abin da tsinken ke nema shi ne garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar cutar, kuma jiki na buƙatar lokaci kafin ya ƙera ta, daga mako uku har zuwa wata uku. A cikin wannan tsakani mutum na iya ɗauke da cutar, yana iya yaɗa ta, amma tsinke ya nuna layi ɗaya. Shi ya sa ake umartar wanda ke da dalilin shakka ya sake gwaji bayan wata uku. Jariri kuma yana ɗauke da garkuwar uwarsa har zuwa wata 18, saboda haka shi ana yi masa gwajin PCR ne, mai neman ƙwayar cutar kanta, galibi yana da mako shida.

Ciwon hanta nau'in B ana gano shi ta neman wani ɓangare na fatar ƙwayar cutar a jini, wanda ake rubutawa HBsAg a takarda. Idan ya wuce wata shida yana fitowa, cutar ta zauna ke nan, sai a riƙa bibiyar hanta. Yawancin masu ita a Afirka sun same ta ne tun suna ƙanana, daga uwa ko ta kayan yanka da aski, don haka ganinta ba hujjar zargin kowa ba ne.

A cikin cututtukan saduwa, tunjere shi ne ya fara samun gwajin jini, a 1906, ta hannun August von Wassermann a Jamus. A yau ana fara tantancewa da VDRL ko RPR, sannan a tabbatar da wani gwajin kamar TPHA, saboda zazzaɓin cizon sauro ko juna biyu na iya sa na farkon ya nuna cutar alhali babu ita. Ana yi wa masu ciki wannan gwaji a wurin awo, domin tunjere na jawo ɓari da haihuwar jariri ba rai.

Ciwon sanyi da 'yar uwarsa kilamidiya ba a jini ake nemansu ba. Fitsarin farko ake karɓa, ko a shafo ruwan gaba da tsinken auduga. Wani lokaci akan shuka ƙwayar a faranti ta tsiro, a gwada mata magunguna a ga wanda ke kashe ta, domin ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magunguna da dama. Shan kafso daga kemis kafin zuwa gwaji yana ɓata wannan aiki. A wurin mata cututtukan biyu kan yi shiru har su toshe hanyar ƙwai, su hana haihuwa.

Kowane sakamako yana da matakin da ke biye da shi. Tunjere na warkewa da allurar fenisilin, ciwon sanyi ma na warkewa, muddin aka yi wa miji da mata magani tare. Abokin zaman mai ciwon hanta B yana samun kariya da rigakafi, jaririnsu kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Mai ƙanjamau da ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Jinotaif kuwa babu maganin da ke sauya shi, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a san shi tun kafin magana ta yi nisa, kafin a kai kuɗin gaisuwa balle a sa rana. Ga dukkan gwaje-gwajen, ƙa'idar aiki ita ce a yi su a ɗakin gwaji mai rajista, mutum ya je da kansa, a yi masa bayani kafin gwaji da bayansa, kuma a riƙe sirrin sakamakonsa.