Hazo da Guguwa: Darasi ga 'Yan Kasuwar Kudancin Kaduna

Garin Kafanchan ya yi suna a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa, amma dillalin citta daga Kachia ko Kwoi da ke da alkawari da mai saye a Legas, tilas ne ya nufi filin jirgin saman Kaduna, Jos ko Abuja idan yana sauri. Saboda haka ingancin waɗannan filaye uku ya shafi aljihunsa, ya kuma shafi ransa.

Kakar citta tana zuwa ne daidai da hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Arewa, har matuƙi ya kasa hango titin sauka. Da damina kuwa, guguwa da iska mai sauya alkibla farat ɗaya su ne abin tsoro.

Jihar Kaduna ta ga irin wannan masifa a ranar 13 ga Nuwamba, 1995, sa'ad da wani jirgin Nigeria Airways samfurin Boeing 737 da ya taso daga Jos ya zarce titin filin Kaduna ya kama da wuta. Mutane 11 daga cikin 138 suka rasu. Bincike ya nuna cewa jirgin ya sauka ne iska na tura shi ta baya, ya kuma taɓa ƙasa bayan ya cinye wani ɓangare na titin.

Kafin wannan, a ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin alhazai daga Jidda da aka karkatar zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas ya yi haɗari wajen sauka, inda mutane 176 suka riga mu gidan gaskiya. Haka nan a ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin kamfanin Sosoliso ya faɗi yana ƙoƙarin sauka cikin guguwa a Fatakwal, aka rasa rayuka 108.

A nan ne lissafin kasuwanci ke shigowa. Duk jirgin da ya fasa sauka ya nufi wani filin, kamfaninsa zai ƙona ƙarin mai, ya ɗauki ɗawainiyar fasinjoji, jadawalin wunin kuma ya wargaje. Kamfanin da jarinsa ya yi rauni yana iya matsa wa matuƙansa su yi kasada. Sai dai haɗari guda ya isa ya tsauwala masa kuɗin inshora, ya kori masu hulɗa da shi, ya kuma jawo masa hukuncin hukumar NCAA.

Maganin yana hannun hukumomi: sahihin hasashen yanayi daga NiMet, fitilun titi masu aiki, da na'urar da ke jagorantar jirgi har ƙasa, wadda hukumar NAMA ke kula da ita. Tsadar sakaci da wannan na'ura ta bayyana a Fabrairun 2020, lokacin da hazo ya sa aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje daga Legas zuwa Akara ta ƙasar Gana.

Ga ɗan kasuwa, abin yi shi ne ya ƙara kwana guda a kan tafiyarsa tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma ya guji ɗaga wa ma'aikata murya idan an ɗage tashi. Cinikin da ya kuɓuce yau ana iya ƙulla shi gobe, muddin da rai.